Hannuwan Lemuel Pettway

Duk wanda ya san Lemuel Pettway ya san yadda yake buga ƙofa. Ba ya shigar da motarsa harabar gidan mutum, a bakin titi yake ajiye ta inda kowa zai gani. Sai ya fito a hankali, ya gyara shuɗiyar rigarsa ta asibiti, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, ya juyo da katin aikinsa yadda hoton zai kalli gaba. In ya hau baranda ya ƙwanƙwasa, ba ya tsayawa nan. Komawa yake yi ƙasan matakala, ya ajiye jaka, ya buɗe tafukan hannunsa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Nas ne, daga wurin masu jinya a gida." Abokan aikinsa mata kuwa ƙwanƙwasawa suke yi su tura kai ciki, har sun haddace inda kowane tsoho yake ɓoye makullinsa. Shi ko an zo gaya masa wurin makulli sai ya toshe kunne. A wannan yanki namu na Alabama a Amurka, baƙin mutumin da ya san maɓoyar makullan gidajen farare, ranar da cokali ya ɓata shi za a fara nema.

Wannan taka tsantsan gado ne. Ubansa, Hosea Pettway, direban motar katako ne, mutum mai ƙarancin magana. Tun Lemuel bai fara gemu ba ya zaunar da shi a kan akwatin bayan mota ya ce, "Ɗana, ka girma da wuri, kuma jikinka zai riƙa ba mutane tsoro tun ba ka buɗe baki ba. Duk inda kake, hannunka ya kasance a inda ake ganinsa. In mai kaki ya ce ka ɗaga, ka ɗaga. Kar ka yi bayani, kar ka yi gardama, gaskiyarka ta jira sai ka dawo gida da rai." Hawan jini ne ya kashe Hosea. An yi juyin duniya ya je asibiti ya ƙi, wai a can ba mai kama da shi sai mai goge ƙasa, kuma magana ake yi a kansa kamar ba ya wurin. Ranar da aka binne shi Lemuel ya ƙudura a ransa cewa wani tsohon zai ɗaga ido a gadon asibiti ya ga fuska irin tasa.

A makarantar koyon jinya shi kaɗai ne baƙin namiji a ajinsu, da ya fara aiki ma haka. An sha miƙa masa bokitin shara, an sha tambayarsa yaushe nas za ta zo alhali yana tsaye da allura a hannu. 'Yan uwansa baƙaƙe ma ba su ƙyale shi ba. In ya shiga shagon aski ranar Asabar, Cleon mai aski sai ya buga almakashi ya ce, "Ku tashi tsaye, ga Sista Lemuel. Ƙato kamar ƙofar gari, maimakon ka buga ƙwallo mu gan ka a talabijin, ka ƙare a kwasar fitsarin tsofaffi." Lemuel ya ce, "Naka ma yana nan zuwa, Cleon, kuma ranar ba zan sa safar hannu mai laushi ba." A yi ta dariya. Amma kafin ya fita, su ɗin ne dai suke naɗe hannun riga ɗaya bayan ɗaya ya auna musu jini, kowa yana cewa don Allah kar matarsa ta ji sakamakon.

Matarsa Vernice ba ta taɓa yin wannan dariyar ba. Tun da ya koma jinyar gida gida hankalinta bai kwanta ba. Kullum da safe in ta miƙa masa ƙunshin kifi da burodin masara sai ta ce, "Wace unguwa yau?" In ya faɗi ta farare, sai ya tarar da ita a bakin taga da yamma.

Ran nan aka ba shi sabuwar marar lafiya, wata tsohuwar farar fata mai ciwon zuciya, Mis Wilma Stroud, wadda take zaune ita kaɗai a can bayan gari. Shugabarsu a ofis ta ce, "'Yarta ta ce akwai makulli a..." Lemuel ya tare ta ya ce, "Bar shi, za ta buɗe mini da kanta."

Ya isa da rana tsaka, zafi kamar zai narkar da kwalta. A gidan da ke kallon na Mis Wilma wani dattijo yana ba wa ciyawa ruwa. Lemuel ya ɗaga masa hannu ya ce, "Barka da rana, yallabai." Mutumin bai amsa ba. Ya kashe famfo, ya shige gida yana laluben waya a aljihu, kuma Lemuel ya san abin da hakan yake nufi, don ba yau aka fara ba. Duk da haka ya hau baranda ya ƙwanƙwasa, ya sauko ƙasa, ya buɗe hannu, ya faɗi ko shi wane ne.

Ƙofar rabinta gilashi ce. Ta ciki ya hango tsohuwar tana tahowa da sandar dogarawa, 'yar ƙarama da ita, tana cewa, "Ina zuwa, ina zuwa." Saura kaɗan ta kai ƙofar sai ta tsaya, ta dafe ƙirji, ta sulale ƙasa kamar an saki zane daga igiya.

Ya haye barandar ya murɗa ƙofa, a kulle. Ya ɗaga tukunyar fure, babu komai. Ya ɗaga abin goge ƙafa, babu. Makullin yana nan kusa da shi a wani wuri, kuma shi da bakinsa ya ce kar a gaya masa. Ta gilashin yana ganin ƙirjin tsohuwar ba ya motsi, ya kuma san ƙwaƙwalwar mutum ba ta jira a kira ofis a tambaya. Gaba kura, baya sayaki. Ya kira lambar agaji, ya ce wa matar da ta ɗauka, "Sunana Lemuel Pettway, ni nas ne. Marar lafiyata ta faɗi, zuciyarta ta tsaya, zan fasa gilashin ƙofa. Baiwar Allah, ki saurare ni da kyau. Ni baƙi ne, dogo, da shuɗiyar riga. Duk wanda za ki turo, ki gaya masa baƙin da zai tarar a ciki nas ne." Ya naɗe hannu da gefen riga ya doki gilashin.

Gilashin ya yanke shi a tsintsiyar hannu, bai ma ji ba. Ya yar da wayar a ƙasa ba tare da ya kashe ba, ya durƙusa, ya ɗora tafi a kan tafi a tsakiyar ƙirjin Mis Wilma, ya fara dannawa. Abin da aka fara koya musu a makaranta ke nan: in ka fara danna ƙirji, kai ne zuciyar mutumin, ba ka ɗagawa sai wani ya karɓe ka.

Ya ji jiniya, ya yi addu'a Allah ya sa motar asibiti ce. Ba ita ba ce, ta 'yan sanda ce. Kiran maƙwabcin ya riga nasa.

Takalmi ya taka fasasshen gilashi a bayansa, wata murya ta ce, "Ɗaga hannunka. Ɗaga hannunka in gani, yanzu." Lemuel bai waiwaya ba, amma ya san abin da ɗan sandan yake gani: ƙofa a fashe, ƙaton baƙin mutum a durƙushe kan farar tsohuwa, rigarta duk jini. Jinin nasa ne, amma wa zai tsaya tambaya? Ya kuma ji a muryar cewa mai bindigar sabon shiga ne, a tsorace yake, kuma babu abin da ya kai matsoraci mai bindiga haɗari. Tsoro ya kama Lemuel irin wanda bai taɓa ji ba. Bayansa ya yi sanyi a daidai inda yake jin harsashin zai shiga. Maganar Hosea ta dawo masa tiryan tiryan, har hannuwan nasa suka so su tashi da kansu.

Ya ce, "Yallabai, ni nas ne. In na ɗaga ta mutu."

"Na ce ka ɗaga."

"Ga hannuna nan kana ganinsu, yallabai. Ba za su je ko'ina ba. Zagayo ka duba."

Ya ci gaba da dannawa yana ƙirgawa da ƙarfi don a ji aiki yake yi, hawaye da gumi suna ɗiga a kan rigar tsohuwar. Ya tuna Vernice a bakin taga. Daga ƙasa, cikin wayar, matar nan ta agaji tana ta magana da iya ƙarfinta, tana cewa nas ne, shi ya kira, kar a taɓa shi. Ko ɗan sandan ya ji ta, ko kuwa yatsansa ne dai Allah ya riƙe, har yau Lemuel bai sani ba. Abin da ya sani, an daɗe a haka, shi yana dannawa, bakin bindiga yana bayansa, har wata ma'aikaciyar motar asibiti ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Matsa, na karɓa." Sai a lokacin ya ɗaga hannuwansa sama. Aka sa musu ankwa, aka zaunar da shi a kan ciyawa cikin rana har shugabarsa ta zo ta shaide shi. Maƙwabcin yana tsaye a barandarsa yana kallo.

Mis Wilma ta rayu. Bayan ta koma gida 'yarta ta kira ofis ta yi godiya sosai, ta ce Allah ya saka. Sannan ta ce tun daga ranar da aka fasa ƙofar uwarta take firgita, don haka in ba damuwa a riƙa turo mata mace. Shugabar ta gaya wa Lemuel tana kallon tebur. Ya ce ba komai, ya tambaya ko an ƙara wa tsohuwar maganin da likita ya ce.

A shagon aski ranar Asabar ba wanda ya ce masa Sista. Cleon ya yi masa aski, da ya gama ya ce, "Da ni ne, da na ɗaga hannuna, wallahi."

Vernice ce ta wanke masa ɗinkin hannun da yamma. Ta riƙe hannuwan biyu a cinyarta ta ce, "Lemuel, ban ce ka bar aikin ba, na san ba za ka bari ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka rantse mini, in haka ta sake faruwa, za ka ɗaga." Ya dubi hannuwan. Yana son matarsa, yana kuma tsoron mutuwa kamar kowa, amma ya kasa rantsewa. Ta jira, ta jira, sannan ta sake su ta tashi ta shiga kicin.

Yana nan yana aikinsa har yanzu. Yanzu in an zo gaya masa maɓoyar makulli yana saurara, ya haddace, kuma wannan ma wani sabon tsoro ne da yake yawo da shi. In ya ƙwanƙwasa ƙofa yana komawa ƙasan matakala ya buɗe tafukansa kamar da. Vernice kuwa ta daina tambayarsa wace unguwa. Ta jawo kujera ta ajiye a bakin tagar.