Ragar Garken Ƙananan Dawaki

A shekarun da na yi ina walda a Riyad, ɗakina yana Sulai, a layin gidajen ma'aikata da ke bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya. Kafil ɗina, Balaraben da iƙamata, wato takardar izinin zamana, take hannunsa, yana da gona a bayan gari inda iyalinsa suke zuwa hutu. Mai kula da dabbobin gonar wani dattijo ne mutumin Maraɗi, Baba nake ce masa.

Wata shekara kafil ya sayo wasu dawaki biyu, doki da goɗiya, gajeru ƙwarai, ko ƙuguna ba su kai ba. Baba ya daɗe yana kallonsu, ya ce shi dai ko ƙuru a gida ya fi waɗannan tsawo. Cikin sati ɗaya goɗiyar ta saba da shi, duk inda ya juya tana biye.

Garken da ke gonar na manyan dawaki ne, bututun ƙarfe a jere, ƙasansa a buɗe. Dokin ya riƙa sunkuyawa yana ficewa cikin dabinai, sai kafil ya ce in zo in toshe ƙasan da ragar waya da ta rage daga kejin tumaki. Ni da Baba muka ɗaura ta, kafil ya zagaya ya ce ta yi. Babu wanda ya ga aibun ramukanta a cikinmu.

Wata Juma'a da zafi, na biya na ɗauki Baba muka tafi masallaci. Da muka dawo, tun daga ƙofa muka ji dokin yana haniniya ba ƙaƙƙautawa. Goɗiyar tana kwance jikin raga, ƙafarta ta gaba ta shige rami har gwiwa. Ciyawar da ruwan da ake ba dabinai ya fitar a waje take nema. Ta yi ta fizga har wayar ta nutse cikin nama, ƙasar wurin duk jini, jikinta ya jiƙe da gumi.

"Ɗana, kawo almakashin ƙarfe," in ji Baba.

Ya cire hiraminsa ya rufe mata ido, ya kwanta a kan wuyanta yana yi mata magana a kunne. Ni kuma ina yanka waya, duk wadda na yanke sai goɗiyar ta zabura.

Likitan dabbobi ya zo bayan la'asar, ya ɗinke, ya ce jijiya ta taɓu. Kafil ya iso tare da shi. Bai yi faɗa ba, bai kuma kalli kowa ba. Ya ce, "Kalas, shi ke nan, a cire ragar," ya shiga mota. Da ya zage mu da mun fi samun sauƙi, don Baba ya yi kwanaki yana tambayata ko na ji wata magana game da sabunta iƙamarsa.

Muka sake garken da katako da raga mai ƙananan ramuka, har ƙasa. Baba ya bi ta da tafin hannu, taku bayan taku, yana neman tsinin waya. Goɗiyar ta tashi, amma da ɗingishi. Daga nan Baba ya daina yarda ya bar gonar sai in akwai wanda zai tsaya. Ko kasuwar Aziziya da yake son zuwa sayo wa dawakin karas ya daina, ni yake aika.

Da sanyi ya shigo, ina can ina gyaran ƙofa sai ga motar ɗaukar dabbobi. Kafil ya ba wani ɗan'uwansa dawakin, ba a gaya wa Baba ba. Shi da kansa ya hau da goɗiyar, a hankali, saboda ƙafar. Ya sauko ya tsaya wajen tagar direba, yana haɗa ɗan Larabcinsa da nuni da hannu.

"Wurin da za ka kai su, wace irin raga ce?"

Direban ya ce shi bai sani ba, kaiwa kawai aka ce ya yi. Baba ya sake tambaya, ya zagaye yatsunsa yana nuna girman rami. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya tayar da mota.