Hannuwan da Inna ta shanya a rana

Ku gafarce ni, ban saba rubutu inda jama'a za su gani ba. Na daɗe shiru, har wasu ƴan ajinmu sun ɗauka na bar lekol.

Da bazara abin ya fara. Ƙuraje masu ruwa a bayan hannuwana, su fashe, su ƙi warkewa. Fitsarina ya yi duhu kamar shayi, kunya ta hana ni faɗa. Jarrabawar bak ta gama sakandare tana matsowa, ni kuwa ko bik ɗin rubutu ba na iya riƙewa.

Aka kai ni garin Tsibiri wurin kakata, Inna Hajo. Kullum da hantsi takan shafa mini magani, ta zaunar da ni a tsakar gida, hannuwa a buɗe.

"Rana ce ke busar da miki, ƙawata. Daure."

Ta zauna gefena tana kore mini ƙuda. Ciwon kuwa sai ƙaruwa yake.

Baba ya sayar da gero, muka dawo asibiti a Maradi. Gwajin jini, gwajin hanta, jira. Tsorona kada a yanke hannun.

Wata likita ta saki labule, ta haska fitsarina da wata fitila mai shuɗin haske. Sai ya yi ja yana ƙyalli. Inna ta yi salati.

Likitar ta zana zobe a takarda. Ta ce sunansa porfirin, da shi jiki ke haɗa jan jini, kuma ƙarfe ke zama a tsakiyarsa. Mai ƙarfe ba ya ƙyalli. Nawa wasu sun taru a fata babu ƙarfen. Irinsu ke shan hasken rana, su maido da wani sashensa ja, sauran ya ƙone fatar.

Inna ta daɗe tana kallon hannuwana.

"Ke nan ni na gasa ta, likita?"

"Ba ki sani ba, Inna. Yanzu ke za ki tsare ta."

Aka riƙa ɗibar mini jini kaɗan-kaɗan a matsayin magani, aka ba ni safar hannu. Inna ta bar gonarta ta tare gidanmu a unguwar Zariya, nan Maradi. Ita ke raka ni lekol da lema, tana faɗa: "Matso inuwa, sarkin taurin kai."

Alhamdulillahi, da hannuna na rubuta bak.

Na gode wa duk wanda ya yi mini addu'a. In miki yana ƙaruwa a rana, ku rufe shi ku je asibiti. In fitsari ya canza launi, ku faɗa.

Na karanta wa Inna wannan, ta ce na manta ban faɗi cewa ita ta zaɓi lemar ba. In kun ba ni izini, wata rana zan sake rubutawa in gyara.