Kwandansa Mai Jan Ɗigo

Ranar Asabar ce, da ƙarfe goma na safe, ni da maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, muka fita neman kwandansa. Wannan ɗan abu ne mai ƙafa biyu, wanda idan ya mutu rediyo sai gurnani. Tun da na ajiye aikin koyarwa nake haɗa wata rediyo da hannuna a kan teburin cin abinci, mai ɗakina kuwa ta yanke hukunci cewa in rediyon ba ta yi magana ba kafin a tashi daga coci gobe, 'yan jari-bola za su gaje ta.

A wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi aka miƙo mini guda. Na sa tabarau na duba, na ga ƙafarsa ɗaya a karkace. Turawan mishan da suka koyar da mu ba su yarda da karkataccen layi ba, balle karkatacciyar ƙafa. Na zaro jan biro na ɗiga masa, kamar yadda na saba yi wa aikin rago, na mayar.

"Baba, rediyo kake haɗawa ko sojan fareti?" in ji mai shagon.

Muka nufi kasuwar Tarauni. Wani mai shago ya ce akwai orijinal a sito, ya hau babur ya ɓace. Maƙwabcina ya sayi rake, ya zauna. Da mutumin ya dawo, ya kwance takarda cikin ladabi, sai ga jan ɗigona.

Na ce, "Malam, ina siton naka yake?"

"Nan kusa, Baba."

"A Gyaɗi-Gyaɗi?"

"To, ai duk Kano sito ce."

Na ƙara wa kwandansan ɗigo na biyu, na mayar, muka matsa gaba. Mai shago na uku ma ya hau babur, amma shi wurin na biyun ya je ya karɓo, har ya miƙe ƙafar da haƙori, ya rantse yau aka sauke shi daga jirgi. Da na nuna masa ɗigon biyu, ya ce ai wannan hatimin kamfani ne, jabu ba ya zuwa da shi.

Maƙwabcina ya tofar da ɓawon rake. "Malam, saya kawai. Duk unguwar nan kwandansan nan kaɗai ne, kuma ya fi mu yawo yau."

Na saya, na liƙa da dalma. Rediyon ta yi magana da safiyar Lahadi, tasha ɗaya tak, ta Faransanci.