Baturen da Ke Juya Gwangwani

Lokacin sanyi, da mun gama cin tuwo, Inna Tumba kan tara mu a bakin murhu, a ƙauyenmu da ke bayan Zurmi. Kakata ce ta wajen uba. Gaskiya ba ta iya tatsuniya ba, a bakinta lami take yi. Abin da ta iya shi ne labarin kakanmu, wanda jirgin ƙasan Kaura ya tafi da shi soja lokacin yaƙin Hitila.

A rundunarsu akwai wani hafsa Bature wanda ba ɗan Ingila ba. Duk gwangwanin abincin da aka raba sai ya karɓa, ya juya, ya karanta ƙaramin rubutun da ke jiki, ya mayar. Sojojinmu suka ɗauka naman alade yake duba musu. Suka so shi ƙwarai. Wata rana kakanmu ya daure ya yi masa godiya.

"Sai Baturen yad dube shi," in ji Inna. "Yac ce ba alade shika biɗa ba, sunan ƙasassu shika biɗa, Folan. Abokan gaba sun raba ta sun cinye. In yag gane ta bisa gwangwani, ya san da sauran mutane can."

"Ya gani, Inna?"

"Bai gani ba, ɗiyata, har sunka rabu."

Haushi na ji a lokacin. Ina ruwana da Bature da gwangwaninsa?

Yanzu ina zaune a Kaura, tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Garin kunu nake ƙullawa a leda, da shi nake ciyar da 'ya'yana. Geron na gonarmu ne, yayana kan shiga ya noma cikin fargaba. Doka ta ce sai an rubuta inda abinci ya fito, sai na je wurin mai buga takarda.

"Hajiya, ki sa Kaura kawai," in ji shi. "Sunan garin nan naku tsoro shika ba mutane."

Gaskiyarsa. Amma mutanenmu sun watse, wasu Gusau, wasu Nijar, kuma sai a ranar na fahimci Inna. Na ce ya rubuta sunan ƙauyen da manyan baƙaƙe.

Cinikina ya ragu, abin ya kuma yi mini ciwo. Ran nan wata mata ta kira ni daga Shinkafi, ta ga sunan ƙauyen da lambata a jikin ledar. Ba ta sayi komai ba. Ashe 'yar ƙauyenmu ce, ta tambaye ni ko rijiyar bakin masallaci tana da ruwa har yanzu.