Mai Ɗaura wa Mama Ɗankwali

Abin da na fara lura da shi shi ne ƙanƙantar ɗakin. Na zaci kotu irin ta talabijin za mu shiga, sai ga dogon tebur ɗaya, da tuta a kusurwa, da kwalin tishu daidai inda Mama za ta zauna. Shekarata goma sha uku, kuma ranar na yi fashin lekol, ban je makaranta ba. Aka ba ni kujera a bayanta, jikin bango.

Mama ta daɗe tana ɗinkin safa a wata masana'anta a Greensboro, a Amurka, kafin yatsunta su kumbura su lanƙwashe. Ta nemi tallafin naƙasassu, sau biyu wasiƙa tana zuwa cewa za ta iya aiki. Shi ne muka ɗaukaka ƙara. Lauyarmu, wata Baturiya mai saurin magana, ta ce idan aka rasa a gaban wannan alƙalin, da wuya a samu a gaba. Ta yi ta nanata wa Mama ta faɗi duk abin da ba ta iyawa, kada ta ɓoye komai.

Ni na san abin da ba ta iyawa. Baba direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya. Kullum kafin bas ɗin makaranta ta zo ni nake cuɗa mata baya, in matsa mata man goge baki, in buɗe kwalbar magani, in ɗaura mata zane. Ɗankwalin da ke kanta ranar ma ni na ɗaura, har sau uku, don ta ce na farko ya karkace, na biyu ya matse.

Sai tafinta ya shigo. Malam ne mai koya mana karatu a masallaci ranar Lahadi, ɗan Maraɗi kamar mu.

"A'a, Hajiya! Ashe ke ce?"

"Ni ce, Malam. Ina iyali?"

Na ga ta ja bakin mayafi ta rufe hannayenta.

Alƙalin dattijo ne, yana magana a hankali. Ya yi tambaya kan aiki, kan likita, kan magani, Mama tana amsawa. Sannan ya ce, "Wa yake taimaka miki wajen wanka da sa tufafi?"

Malam ya fassara, idonsa a kan tebur.

"Ina lallaɓawa," Mama ta ce.

Lauya ta juyo ta nuna ni da biro. "'Yarki fa? Me take yi miki da safe?"

Ni ce 'yar fari. Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yabona a gaban mutane ba. Da haka na tashi, ban taɓa jin zafinsa ba.

"Waccan?" Mama ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Me ta iya? Barci kawai ta sani. Sai na yi da gaske take tashi."

Malam ya yi 'yar dariya, don ya san haka uwa take magana a kan ɗan fari. Amma aikinsa ya faɗi abin da aka faɗa, ya kuwa faɗa daidai. Alƙali ya sunkuya ya rubuta. Na kalli ƙullin ɗankwalin a ƙeyarta. Wannan kunya ta gida ce, na sani. Amma ta san me muka zo nema, ta kuma san wa yake tashi.

Aka ce hukunci zai zo ta wasiƙa. A baranda lauya ta tsaya tana zuba takardu a jaka, sannan ta kama hanyar fita.

"Ke," Mama ta ce ƙasa-ƙasa, "gyara mini mayafin nan, yana zamewa."

Na gyara. Sannan na bar ta a tsaye na bi lauyar. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, don haka muryata ta ƙi fita sai da na maimaita.

"Don Allah ki koma ki ce wa alƙali akwai wadda ba a tambaya ba."