Ƙugu ko Ƙwauri

Wata Juma'a ce ta kakar gyaɗa, 'yan shekaru bayan ruwan gulbi ya kori garin Maraɗi ya hau tudu, lokacin ƙasa na hannun Faransa. Mun taso daga Jiratawa za mu kai tukwane kasuwa, ina bisa jaki tsakanin mangaloli, sai wata motar gyaɗa ta danna ƙaho a bayanmu. Jakin banza ya yi tsalle ya watsar da ni da kayan gaba ɗaya. Na ji ƙas a damtsena na dama, har na ɗauka tukunya ce.

Aka kai ni wurin wani maɗori a Tibiri, ya ja, ya tofa, ya ɗaure da karare. Mutane da yawa sun warke a hannunsa, nawa ne dai ya ƙi. Rani ya wuce, damina ta zo ta tafi, hannu na lanƙwasawa inda Allah bai sa gaɓa ba. Ba daka, ba ɗaukar tulu, ba carafke. In 'yan mata suka fita gaɗa, ni ce mai tsaron takalma. A gidan masu ginin tukwane kuwa, yarinya mai hannu ɗaya aikinta guda ne, taka yumɓu da ƙafa.

Daga ƙarshe Baba ya kai ni wurin wani lokotoro, wato likita, Bature a Maraɗi. Ta bakin tafinta ya ce ƙashin ba zai haɗe don kansa ba, sai an ɗebo ɗan guntu a wani wuri na jikina an dasa a karayar. Wurare biyu ya nuna. Na bakin ƙugu ya fi saurin kamawa, amma zan sha ciwo wurin ɗaurin zane. Na ƙwauri ya fi tauri, amma ƙafar za ta daɗe ba ƙarfi, tana ma iya karyewa. Shi ƙugu ya fi so, ya ce mu je mu yi shawara, kada mu daɗe, don hannun shanyewa yake yi kuma shi zai tafi ƙasarsu kafin ruwa ya sauka.

To, wannan shawara ita ta kusa kashe ni da takaici. Kaka, uwar Baba, ta ce atafau ba mai taɓa ƙugun ɗiya mace: “Da me za ta haihu, da me za ta yi goyo?” Baba ya ce hannu ya lalace, ba zai yarda a ƙara da ƙafa ba. Kawu ya ce a yanka rago a ba Bature ƙashinsa, har ya fara zaɓen ragon a garken mutane. Kaka ta sa aka kai ta Maraɗi, ta buga ƙugunta ta ce a ɗebi nata tunda ta gama haihuwa. Lokotoro ya ce na jikin mai karayar ya fi kamawa. Ta dawo tana cewa Bature ya raina ta. Kullum in an ci tuwo sai a dasa gardamar daga farko, a juya ni, a latsa nan, a latsa can, kamar akuya a kasuwa. Ba wanda ya taɓa cewa, ke fa?

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce Inna. Ni ce 'yar fari, saboda haka kunya ta hana ta kama sunana tun da aka raɗa shi. “Waccan” take ce min, a ɗakin Kaka na tashi. Duk gardamar nan tana zaune ta ba mu baya, tana goge tukunya. Wallahi na ɗauka ba ta damu ba.

Ran nan da hantsi hadari ya fara haɗuwa a gabas, su kuwa suna kan ragon Kawu. Sai Inna ta ajiye tukunyar, ta juyo. “Ƙashin nan a jikin Rakiya yake,” in ji ta. “Ku tambayi Rakiya.”

Kaka ta kama baki. Ni kaina sai da na waiga, don ban san yadda sunana yake a muryarta ba. Na ce ƙugu, tun ranar farko ma shi na zaɓa, ƙafafun nan su kaɗai suka rage min. Washegari Baba ya ɗaura wa jaki akumari, muka nufi Maraɗi aka yi aikin.

Hannu ya kama. Na gina tukwane har idona ya gaza, na haihu, na yi goyo a kan tabon, Kaka na raye ta gani kuma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Yanzu jikokina mata sai su wuni suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira har maƙwabta su gaji. Inna kuwa daga ranar ta koma wa “waccan” har ta rasu. Sau ɗaya ta kira ni, kuma ya ishe ni.