Saƙon da Ya Tsallaka Binuwai Ba Tare da Layi Ba

Dada, mahaifiyarmu, ta rasu ne a watannin da aka datse layukan waya a Adamawa saboda rikici. Da hantsi ta cika, a ɗakinta a unguwar Adarawo, ina riƙe da ƙafafunta. Adda, babbar yayarmu, tana aure a Sangere, can hayin kogin Binuwai. Wayoyi uku ne a gidan, babu wadda ke shiga. Hamma, yayana, ya tari keke mai ƙafa uku ya tafi kiranta, amma shingayen sojoji a bakin gada suka cinye masa yini. Kafin su iso an kai Dada makwancinta.

Adda ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta zauna bakin gadon, ta ce, "Ko fuskarta ban gani ba." Shekaru suka wuce ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Hamma gyaran sola yake yi. Bara ya shigo min da wasu 'yan na'urori guda huɗu, kowace ba ta kai sabulun wanka ba, da eriya kamar yatsa. Ya ce rediyo ne na rubutaccen saƙo. Ba ruwansu da kamfanin waya, ba kati, ba data. Kana haɗa ɗaya da wayarka, ka rubuta, ita kuma ta miƙa wa 'yar'uwarta ta kusa, waccan ta miƙa gaba har ya isa.

Na ce, "Hamma, yanzu ai akwai layi."

Ya ce, "A lokacin ma da layi muka kwana."

Gwajin farko bai yi ba. Ya bar ɗaya a hannuna, ya kai wa Adda ɗaya. Na rubuta sallama na zauna ina kallon waya har la'asar, ba amsa. Nisan ya yi yawa, gine-ginen Jimeta kuma sun tare tsakani. Sai an samu wuri mai tudu a tsakiya.

Akwai wani malamin sakandare a Limawa, cikin Jimeta, Kirista ne daga kudancin jihar, Hamma ya taɓa sa masa sola. Tankin ruwansa na kan dogon ƙarfe. Muka je tare. Ya saurari bayanin a tsaye, hannu a baya, sannan ya ce ƙaninsa yana aiki a arewacin jihar lokacin da aka rufe layi, sati shida ba su san ko yana raye ba. Da kansa ya riƙe tsani, Hamma ya hau ya ɗaure na'ura ta uku da ɗan faifan sola a gefenta. Ta huɗun, wani mai shago kusa da gada ya yarda aka sa a rufinsa.

Washegari da safe ina tankaɗe gari wayata ta yi ƙara. Adda ce: "Kin ji ni?"

Na goge hannu a zane na rubuta, "Na ji ki, Adda."

Aka ɗan jima, sai ga wani: "Da me Dada ta cika?"

Ba ta taɓa tambayata ba. Na'urar ba ta ɗaukar dogon rubutu, don haka guntu-guntu na aika mata. Na ce ta nemi ruwa ta sha kaɗan. Na ce ta yi kalmar shahada sau biyu. Na ce ta tambayi ko an shuka gyaɗa a gonar Sangere, na ce mata an shuka. Kowane guntu sai na jira alamar ya isa kafin in tura na gaba. Garin da na bari a faifai kaji suka watsar.

Adda ta amsa da "Alhamdu lillahi" kawai. Ranar Juma'a ta zo gida da kanta, muka yi wa Dada addu'a tare.

Yanzu maƙwabta kaɗan sun samu nasu na'urorin sun shiga, har da matar malamin. Yawanci maganar cefane ce da gaisuwar rashin lafiya. Idan hadari ya daɗe, na'urar Limawa kan mutu saboda rashin rana, sai Hamma ya je ya hau tankin.